Jirgin da Aka Sa wa Sunanta

Da aka share makokin Ouseph, matarsa Thresiamma ta kira Varkey, dillalin jiragen ruwa a Kochi, ya zo ya yi wa jirgin mamacin kuɗi. Tsohon jirgin ruwa ne mai tafiya da ƙarfin iska. Ouseph ya ƙarar da kowace Lahadi yana goge shi, ita kuwa tana zuwa coci ita kaɗai. Kullum alkawari ɗaya: baɗi zai kai ta tsibiran Maldives.

Varkey bai ko kalli fentin da ke ƙyalli ba. Ya ɗauko 'yar guduma yana ƙwanƙwasa jikin jirgin. Daga gaba ƙarar na fita tas. Da ya iso baya sai ta koma bif-bif, kamar ana dukan jiƙaƙƙiyar katifa.

"Yaya, gaskiya katakon ciki ya ruɓe," in ji shi. "Dalmar da aka sa a ƙasansa don nauyi kaɗai za a saya, ita ma a kan sikeli."

"Ta ina ruwa ya shiga? Mutumin da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kansa?"

Varkey ya nuna mata haruffan tagulla da Ouseph ya kafa da hannunsa: THRESIAMMA.

"Ta ramukan ƙusoshin nan. Bai toshe su ba."

Ta daɗe tana kallon sunanta. Sannan ta gyara mayafi.

"Haka yake," ta ce. "Ya kafa suna, bai sake duba abin da ke ciki ba. Kira masu sikelin."