Naman da Ya Kwana a Rumfar Shitu

Tun da Malam Shitu ya karɓi wuƙa daga hannun mahaifinsa a kasuwar Kafin Maiyaki, bai taɓa sayar da kwantai ba. In nama ya rage da yamma, gida yake tafiya ko a raba wa maƙwabta. Shi ya sa in mai saye ya ce, "Na yau ne?" Shitu kan ɗaga kai kawai, magana ta ƙare. Ba shi da gona mai yawa, wannan ɗaga kan shi ne jarinsa.

Sai ga ɗansa Mujitaba ya dawo daga Amurka da sana'ar da ya koyo a kantin wani tsohon Bayahude, inda ya yi shekaru yana yanka nama. Fastirami ake ce mata. Naman ƙirjin bijimi ake jiƙawa a ruwan gishiri da tafarnuwa, ya daɗe a firiji, a shafe shi da masoro, a ba shi hayaƙi, a turara, sannan a yanka sirara a cusa cikin burodi.

"Yahudawan nan ba sa cin alade, Baba," in ji Mujitaba. "Yanka suke yi, jini ma sai sun tsame shi da gishiri. Kakanninsu ne suka zo da abin daga wata ƙasar."

"Kwana nawa yake yi a ruwan?"

"Ya fi mako."

Shitu ya ce a kawo ya gani. Da aka kawo masa ya ɗanɗana, ya ƙara, ya lashe yatsa. Daɗi kam ba gardama. Ga shi kuma ya san in yaron nan bai sami abin riƙewa a gida ba, jirgi zai sake hawa. Ya ba shi kusurwar tebur ranar kasuwa.

Hantsi ya yi, sai ga Alhaji Badamasi dillalin masara, wanda ya tsufa yana cin balangun Shitu. Ƙamshi ya ja shi kusurwar.

"Ba'amurke, me ka zo mana da shi?"

Mujitaba ya miƙa masa burodi, nama ja na leƙowa ta gefe. Alhaji ya kai shi bakinsa, sai ya tsaya, ya dubi uban, ba ɗan ba.

"Na yau ne?"

Ɗaga kai ɗaya ya isa. Shitu ya ji idon ɗansa a kansa.

"Ya fi mako a gishiri, Alhaji," in ji Shitu.

Badamasi ya ajiye burodin a hankali, ya goge hannu a babbar riga. "To, Allah ya ba da kasuwa." Ko balangun bai saya ba. Kafin azahar zance ya zaga layin 'yan hatsi cewa rumfar Shitu ta fara sayar da kwantai.

Shitu bai yi faɗa ba. Bayan la'asar ya ɗauki ƙaramin tebur da kansa, ya tsallaka titi, ya dire shi kusa da Mudi mai shayi, inda direbobin hanyar Kano ke tsayawa.

"Nan ne wurinka. Waɗannan ba sa tambayar ranar komai."

"Korata ka yi, Baba?"

"Ƙirjin kowane sa da na yanka naka ne, ba mai taɓawa. Amma ba a ƙarƙashin rumfata ba."

Mujitaba ya daɗe yana duban titin da ya raba su. Can ya sunkuya, ya tura dutse ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa, ya tambayi Mudi wane gidan burodi ne ke kawo masa.