Ƙwayar da Tela Ya Haɗiye

Ƙarfe takwas na safe tela ya haɗiye ƙwayar. Ba magani ba ce, 'yar kyamara ce mai bin hanji tana ɗaukar hoto, tana turo shi ta iska zuwa kwamfuta. Shekara uku wata likitar hanji ta yi tana haɗa ta, ita da wani injiniyan sadarwa da kowa a cibiyar binciken ke kira Eriya. Shi kuwa telan ya daɗe yana zubar da jini in ya je bayan gida, an yi masa gwaji har ya gaji, ba a gano inda gyambon yake ba. Kwana biyu ya yi ba ci, sai ruwa da maganin wankin ciki.

"Awa takwas ne kawai, Baba," in ji likitar. "Ka kwanta ka huta."

"Ai yunwa ta riga ki kwantar da ni," ya ce, matarsa na gefe tana yi masa fifita.

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna ƙwayar ta shiga can cikin ƙaramin hanji, inda ake zargi. Sai allon kwamfutar ya yi baƙi, fanka ta tsaya. Eriya ya leƙa baranda ya dawo.

"Ko'ina da wuta sai ɗakinmu. Daga ƙasa aka kashe mana."

Likitar ba ta tambayi ko wane ne ba. A ƙarƙashin ɗakinsu yayanta yake aiki, uwa ɗaya uba ɗaya. Masanin kimiyyar zarra ne, yana auna yadda 'yan mitsitsin ƙwayoyin cikin zarra ke juyawa a cikin wani ƙaton maganaɗisu mai sanyin gaske. Aiki ne da ko wayar hannu ba ya so a kusa da shi.

Ta sauka a fusace. Ta tarar ya sa wa akwatin wutar sabon kwaɗo, yana zaune gaban injinsa kamar ba shi ba.

"Yaya, kai ka kashe mana wuta?"

"Ni ne. Sau uku ina rubuto miki takarda."

Gaskiya ne, ya rubuto. Takardun na cikin durowarta, ko layin farko ba ta gama karantawa ba.

"Wata goma sha ɗaya ina kan wannan awon," ya ci gaba. "Duk ranar da kuka kunna na'urorinku a saman kaina, aikina ya lalace. Yau ce ranar ƙarshe, ba zan bari ba."

"Akwai mutum kwance a sama da kyamara a cikinsa!"

"Za ta fita ta inda komai ke fita. Ai sana'arki ce, leƙen kashin mutane."

Ta matso gabansa. "Kashin ya fi aikinka amfani. Shekara ashirin kana bin abin da kai kanka ba ka taɓa gani ba. Mutum nawa ka warkar?"

"Ni kike gaya wa haka? Ni da na koya miki riƙe fensir?"

"Ba ni makullin."

"Ƙarfe huɗu ki dawo."

Ta kai hannu aljihun rigarsa, ya make hannun. Ta tsaya tana kallonsa tana huci. Sannan ta ciro wayarta, ta taka har jikin maganaɗisun, ta kira Eriya.

"Sauko da guduma ka fasa mini kwaɗon nan."

Ba ta kashe wayar ba. Tana kallo siririn layin da ke kan allonsa ya hargitse, ya riƙa tsalle sama da ƙasa. Yayan ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Fita! Fita daga ɗakin nan, marar mutunci!"

"Yanzu mun yi daidai," ta ce.

Kafin Eriya ya samo guduma ya fasa kwaɗon, minti arba'in sun wuce. Da hoto ya dawo, ƙwayar ta riga ta wuce wurin da ake nema, ga shi ba ta ajiye abin da ta ɗauka.

Likitar ta durƙusa gaban gadon ta yi wa tela bayani: sai an sake, sai ya ƙara kwana biyu ba ci. Telan ya juyar da kai bango. Matarsa ce ta miƙe tana tattara kayansu.

"Wato faɗanku na gida kuka yi a kan cikin mijina? Tashi mu tafi, Malam. Ba a gwaji da kai kuma."

Likitar ta bi su har bakin titi tana ba da haƙuri, matar ko waiwayowa ba ta yi ba.

Shugaban cibiyar ya ba kowannensu takardar gargaɗi, ya raba musu ranaku: uku nata, biyu nasa. Yayan ya sake awonsa daga farko. Ita kuma ta kira lambar telan sau bakwai, ba a ɗauka ba.

Da mahaifiyarsu ta ji labari, ta kira su gida ranar Asabar. Likitar ta riga isa, ta zauna a falo tana jira. Ta taga ta ga motar yayanta ta shigo layin, ta rage gudu daidai inda tata take, sannan ta juya ta fice.