Kanari Ya Kasa Yin Shiru

Mijin ƙanwata yana da murya, wannan kam ba zan hana shi ba. In ya buɗe baki a banɗaki, maƙwabta har rage ƙarar rediyo suke yi. Tun yana saurayi ake ce masa Kanari, kuma da muryar ya sace mana Auta, don ni ban ga wani abin da ya zo da shi ba sai ita da takalmi mai tsini. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ranar da ya bar wani ya kai ƙarshen maganarsa.

Da ya ce zai shiga jami'a ya yi digirin koyar da kiɗa da waƙa, ya zaci zuwa zai yi ya rera musu baiti biyu su miƙo masa takarda suna godiya. Sai ya tarar ba haka abin yake ba. Dole ka iya karanta rubutun kiɗa, waɗannan ɗige-ɗigen masu wutsiya da ke rataye a kan layi. Dole ka iya fiyano gwargwadon yadda za ka raka yara. Ga tarihin kiɗa, ga darasin halayyar yara, ga dabarun koyarwa. A darasin murya ya fi kowa, kuma sai da duk dangi suka ji labari. Sauran kuwa da rarrafe ya haye su, yana cewa malaman hassada suke masa.

Sharaɗi ɗaya ya tsaya masa a wuya, wato koyarwar gwaji. Za a tura ka makaranta ka yi zango guda kana koyar da aji, a ƙarshe jami'a ta aiko wanda zai zauna ya ga aikinka. Kanari ya faɗi, ya sake faɗuwa. Jami'a ta sanar da shi cewa wannan karon ne na ƙarshe.

Da shi kaɗai abin ya shafa, wallahi ko a jikina. Amma Auta ta ajiye karatun jinya tana tsaka da shi, ta hau keken ɗinki don gida ya tsaya, bisa alkawarin in ya gama ya kama aiki ita ma ta koma. Makarantarsu ta riƙe mata gurbi, ta ce bana ce iyaka. Ita ta zo ta same ni a kicin ina wanke-wanke, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi.

"Yaya, ki taimaka ki karɓe shi a ajinki. Ke zai ji maganarki."

"Maganar wa ya taɓa ji?" na ce.

"Don ni za ki yi, Yaya."

Don ita na yi. Ni malamar aji huɗu ce, na je na roƙi hedimasta, har ya ce in mutumin ya samu takardarsa akwai gurbin malamin waƙa yana jiransa.

Ranar farko ya shigo da turare kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Ya sa aka turo tsohon fiyanon makaranta gaban allo, ya jingina da shi, ya ce wa yara, "Ku saurara da kyau." Ya rera. Washegari ma ya rera. Yara suka so shi ƙwarai, don wane yaro ne zai ƙi darasin da ba a tambayarsa komai? In ya ce su bi shi, kafin su kai rabin layi ya hau kansu da murya ya danne, su kuma su koma motsa leɓe. Ina zaune a bayan aji ina makin littattafai, haushi kamar ya kashe ni.

Na tare shi a baranda. "Kanari, su za su yi waƙar nan, ba kai ba."

"Yaya, ai kunne ake fara koya wa. Sai sun ji mai kyau za su san mai kyau."

"Sun ji. Yanzu ka bar su su yi marar kyan, ka gyara musu."

Ya yi wata 'yar dariya ta tausayi, irin wadda ake yi wa wanda bai waye ba. "Ke lissafi kika sani, Yaya. Wannan harka ta jini ce."

Na yi tsaki na wuce. A gida kuma Auta na fama da shi. Ta faɗa mini takan tsayar da keke ta jera masa 'ya'yansu a falo, ta ce su yi waƙa shi ya ja su da hannu kawai, bakinsa a rufe. Wai yakan daure na ɗan lokaci, sai ta ji yana gunji ta hanci.

Ranar dubawa malamar jami'a ta iso da safe, wata dattijuwa mai gilashi da jaka ƙarama. Ba ta ɓoye masa komai ba, a gabana ta yi masa bayani.

"Malam, na san kana da murya, abokan aikina sun faɗa mini. Ba ita na zo ji ba. Ka ba su sautin farko a fiyano, ka ja su da hannu. In sun kauce ka tsayar da su ka gyara. Su nake so in ji."

"Ba matsala, Dakta," in ji shi, har da dafa ƙirji.

Ta taga na hango Auta. Ta kawo wa makaranta rigunan da aka ba ta ɗinki, sai ta maƙale a jikin bango da ƙullin kayan a hannu, wai hutawa take yi.

Ya danna fiyano, ya ɗaga hannu, yara suka fara. Murya na rawa, amma sun fara. Baitin farko ya wuce lafiya, bakinsa a rufe gam, har na ji zuciyata ta ɗan yi sanyi. A baiti na biyu 'yan layin baya suka fara ja ƙasa, na gaba suka yi sauri. Ba wani abin tashin hankali ba ne, kowane malami ya san sai ka ce tsaya, ka sake danna sautin, a koma. Malamar ma na ga ta gyara zama tana jiran ta ga yadda zai yi.

Shi kuwa fuskarsa ta yamutse kamar an taka masa ƙafa. Muƙamuƙinsa na motsi, gumi na bin wuyan riga. Da aka zo inda waƙar ke hawa sama, yara suka zame, sai kawai ya buɗe baki.

Ai kuwa muryar ta cika ajin, har 'yan aji biyar suka leƙo. Yarana suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Ya lumshe ido, hannun da ya kamata ya ja su da shi ya koma kan ƙirjinsa, ya ja ƙarshen waƙar ya lanƙwasa ta, ya ƙara mata wani adon da ba ya cikinta. Da ya dire, yara suka ɓarke da tafi. Gogan naka har da rusunawa.

Malamar ta jira tafin ya lafa, ta ce, "Malam, ɗan koma gefe. Yara, ku yi mini baitin ƙarshe, ku kaɗai."

Suka kalli juna. Wasu suka fara layin farko suka maƙale, wasu suka sunkuyar da kai. Zango guda cur, ba wanda ya taɓa kaiwa baitin nan da bakinsa, don kullum shi yake ƙarasa musu. Malamar ta rufe alƙalaminta, ta gode wa yara, ta ce masa jami'a za ta tuntuɓe shi. Ko kallona ba ta yi ba, ni ma na gode da ba ta yi ba, don kunya ta gama rufe ni.

Ya fito baranda fuska na sheƙi, ya hangi matarsa.

"Auta! Ashe kina nan? Kin ji tafin kuwa? Dakta kanta sai da ta daina rubutu!"

Auta ta dube shi, ta kau da kai. Na karɓi ƙullin rigunan daga hannunta don na ga yana neman zamewa. Na raka ta har bakin get, shi yana can baya yana ba mai gadi labari, har ya soma rera masa wurin da aka yi tafin.

"Yaya," ta ce, "littattafaina na jinya suna cikin akwati a ƙarƙashin gado. Ki nemo wadda za su yi wa amfani."

"Ki bari a ji daga jami'a tukuna."

"Ai na ji. Ina jikin tagar." Muryar tasa na biyo mu har titi. Ta ja mayafi ta rufe kunnuwanta, ta ce, "Saboda muryar nan na aure shi, Yaya. Don Allah mu yi sauri."