Ƙullin Shambe

Shekara talatin Dad Karim yana fatsa a bakin teku, ruwa iya gwiwa, kuma yayansa Shambe ke ɗaura masa ƙugiya a siririn zare. In Shambe ya ce, "Zo ka koya, malalaci," sai ya amsa, "Haba Yaya, ina za ka?"

Bayan sadakar arba'in ɗin Shambe, Dad Karim ya koma ruwa, ya ɗaura da kansa. Ƙaton kifi ya kama, ya fizga sau biyu, ƙullin ya warware.

"Malam Karim, yau kifi ake wa sadakar ƙugiya?" in ji maƙwabcinsa Lalu daga kwalekwale.

Dad Karim ya yi yaƙe yana duban bakin zaren. Da ma tsinkewa ya yi, da ya sami abin ɗora wa laifi.