Jirgin Baba Thaddeus a Jikwoyi

"Maman Zakiyyu, ja da ƙarfi mana, ba zanin biki ba ne!"

Baba Thaddeus ne ke min tsawa daga cikin jirgin ruwan da ke tsakar gidansa, yana tari. Ni tela ce, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Jikwoyi, kuma ni ya ba ɗinkin farin ƙyallen da iska za ta riƙa turawa. Na ja igiyar, ƙyallen ya hau dogon icen tsakiya ya buɗe, har ya rufe mana rana.

Tsohon jirgin katako ne, na wani kulob ɗin Turawa a Kainji inda Baba ya yi aikin kafinta yana saurayi. Da ya yi ritaya ya je ya tarar da shi yashe cikin ciyawa, ya ɗoro shi a tirela ya kawo. Tun unguwar tana fili yake fama da shi: ya cire ruɓaɓɓen katako, ya sa sabo, ya goge da samfefa, ya cusa auduga a tsagu. Mutane suna dariya. Ina ruwa a Jikwoyi, in ba na kwata ba?

"Tafkin Jabi zan kai shi," in ji shi. "David yana jira."

"Wane David, Baba?"

Ya shafa gefen jirgin. "Ƙanena. Daga nan ya faɗa ruwa a Kainji, ina riƙe da igiya. Ba a ga gawa ba har yau." Ya sassauta murya. "Kina jin ƙwanƙwasa ɗin? Kullum da rana tsaka, daga ƙasa."

Na ce zafi ne ke sa katako ƙara. Amma na ji, kuma ban ƙara aiken yarana gidan ba.

Ranar Laraba na kai masa kunu da hantsi. Na yi sallama, shiru. Na taka benci na leƙa. Yana kwance a cikin jirgin, kunnensa manne da katakon ƙasa, burushin fenti a hannunsa bai gama bushewa ba.

Bayan an binne shi, 'yarsa Perpetual ta kawo direban babbar mota daga Nyanya. Mutumin ya dubi lungun, ya girgiza kai.

"Madam, an gine ko'ina. Wannan abu ba zai fita ba, sai dai a sa masa zarto."

Perpetual ta daɗe tana kallon jirgin. "A bar shi," ta ce. Ta kulle ƙofa ta miƙa min makulli.

Da damina ta sauka, aka kwana ana ruwa. Da safe na buɗe gidan, tsakar gida ta cika har idon sawu. Na tsaya a bakin ƙofa da takalmina a hannu. Jirgin yana nan kan bulolin da aka ɗora shi, inuwarsa kuma tana cikin ruwan, tana rausaya a hankali.