Wayar Taga

Tsohuwar wayata ba abin nunawa ba ce. Fuskarta a tsage, bayanta ɗaure da roba, amma ita ke riƙe da karatuna. Ɗakinmu can ƙuryar bene yake, sabis ba ya leƙo mu ko da wasa. Sai na rataye ta a ƙusar taga ta kamo wayfai, wato intanet marar igiya, na laburaren tsallaken titi, ta kuma miƙa wa kwamfutar teburina. Da haka na yi shirin jarrabawar shiga makarantar jinya, wadda a kwamfuta kaɗai ake rubutawa ta intanet, sau ɗaya a shekara.

Ana gobe jarrabawa Yaya ya shigo yana washe baki, ya ɗora mini sabuwar waya a hannu.

"Ƙanwata ba za ta shiga jarrabawa da wannan gawar ba," in ji shi. "Na ba mai gyara ita, na yi ciko."

Har tsalle na yi, ni sarkin wauta. Ban gwada komai ba.

Da safe na rataye ta a taga. Ta kama wayfai tsaf. Ina kunna rabawa don ta miƙa wa kwamfuta, wayfai ya ɗauke. Na mayar da wayfai, rabawa ta mutu. Na zari mayafi na ruga shagon mai gyara.

Ya latsa nan, ya latsa can, ya girgiza kai.

"Ba lalacewa ta yi ba, 'yar'uwa. Manhajar da ke tuƙa wayfai ɗinta hanya ɗaya ta sani, ko ta karɓa ko ta bayar. Tsohuwar ce ke iya biyun a lokaci guda."

"To ba ni tsohuwar, don Allah!"

Ya jawo wani faranti. Ga ta nan a warwatse, an cire mata ciki tun jiya an gyara ta wani. Robar kaɗai na gane, na ɗauka.

Kafin a samo mini aron wata, an rufe shafin jarrabawar.

Na tarar da Yaya a bakin ƙofa, ya baro aiki musamman, fuskarsa fal murna.

"Yaya aka yi? Ta yi gudu, ko?"

Haushinsa ya cika ni, tausayinsa ya fi. Na damƙe robar a tafin hannuna.

"Ta yi kyau, Yaya," na ce. "Sai dai baɗi."