Zahara'u Bisa Raƙumi

A shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, bayan an gama ɗaurin gero, motar wani kamfanin sabulu ta iso Kebbe da majigi. Kafin nan mun taɓa ganin majigi, amma na gwamnati, wanda ake koya wa mutane haƙa masai. Wannan kuwa aka ce labari ne, na soyayya da faɗa cikin hamada. Ni ban so zuwa ba. Na je ne don mutanen gidana duk sun ɗauki tabarmi, kuma ba na barin mata cikin taro babu babba a kusa.

Cikinsu akwai Zahara'u, ɗiyar wana marigayi, wadda ni ne waliyyinta. Mijinta na fari ya rasu, ta gama takaba, ta koma sayar da fura a bakin kasuwa. Lauwali, wani manomi daga Fakku, ya nemi aurenta, ita ma ta ce tana so. An kawo goro, an sa rana kafin azumi. Mai magana a gidansu Lauwali shi ne Na'iya, ƙanen mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Ranar majigin Na'iya ya zo cin kasuwa, ya tsaya kallo, muka zauna tabarma ɗaya.

Ana idar da sallar isha'i aka tada inji. An ɗaura farin zane tsakanin itace biyu, maza a gaba, mata can baya. Majigin tsoho ne, ya sha hannu, mutanen ciki bakinsu na motsi amma babu murya. Saboda haka akwai tafinta, Malam Abdulkarimu, saurayi mai Hausar rediyo, lasifika tana kai muryarsa har marina.

Abin da aka fara nunawa rairayi ne, iyakar ganin ido. Wani a bayana ya ce, "Subhanallahi! Wagga ƙasa mi aka nomawa cikinta?" Aka ba shi amsa cewa ba a noma, raƙuma ake ci. Sai ga ayari, sai ga iska ta taso, wata mace ta ɓace wa 'yan uwanta. Tana tafe tana faɗuwa. Wata tsohuwa ta miƙe cikin mata tana yi mata tsawa ta koma hagu, ayarin yana hagu, ita ta gan su. Da wani mai rawani ya bayyana bisa raƙumi, maza suka yi ta dariyar naɗinsa, wai kamar an ɗaure tulu. Ya sauka, ya zazzage mata ɗan ruwan da ya rage a salkarsa, shi bai sha ba. Nan aka daina dariya. Har Na'iya ya ce, "Wanga ɗan halas na."

Sai tafinta ya buɗe baki.

"Jama'a, ga Atiku, jarumin maza! Ya ce mata, sha, Zahara'u, in kin rayu na rayu. Ga shi ya ɗauki Zahara'u ya ɗora bisa raƙuminsa."

A Kebbe duka mutum ɗaya ne ke da raƙumi, sunansa kuwa Atiku. Shi ke kai gero Jega, kuma duk ranar kasuwa a rumfar Zahara'u yake shan fura. Dariya ta fara daga wajen samari ta bi fili. Daga nan babu wanda ya ƙara kallon mutanen cikin zane a matsayin baƙi. Da 'yan fashi suka kawo hari, ana ta ihu, "Atiku, bayanka!" Da ya kama hannunta a bakin rijiya, mata suka ja mayafi suka rufe fuska, suna leƙe ta gefe. Can ƙarshe aka nuna wani mai tumbi da ke jiranta a birni da kayan aure, ita kuwa ta juya ta bi mai raƙumi. Tafinta bai ba mai tumbin suna ba. Mutanen gari suka ba shi na Lauwali. Na'iya ya kaɗe rigarsa ya tashi, bai yi mini sallama ba.

Da hantsi ya same ni a zaure. Ko zama bai yi ba.

"Ɗangiwa, maganar ranan nan da munka sa, a dakata."

"Don mi?"

"Kai ma kunnenka ya ji. Lasifika ba ta wasa. Da ita anka yi shelar zaɓe, da ita anka ce a fito da yara a yi masu lamba. Abin da anka faɗi cikinta an faɗe shi gaban gari. Sunaye sun cika duniya, don mi waɗanga biyu? Wani ya gaya mashi wani abu."

Na ce masa matar cikin zane farar fata ce, kuma da ganin majigin ya girmi Zahara'u. Ya ce shi ba maganar hoto yake ba, maganar suna yake. Ba zai kai ɗansa inda za a riƙa ce masa mai tumbi ba. Ya tafi.

Na aika aka kira Zahara'u. Ta durƙusa bakin ƙofa, idonta ya yi ja. Ta ce tun safe duk wanda ya zo sayen fura sai ya tambaye ta ina raƙumi.

"Bappa, ni ban hau raƙumin kowa ba. Atiku fura shika saye, kamar kowa. Ina son Lauwali, ban ɓoye ba. Amma ba ni rantsuwa bisa abin da ban yi ba."

Na ce ta koma rumfarta, kada ta rufe. Mai rufe rumfa a irin wannan rana ya amsa laifi.

Na sami tafinta a masauki yana goge inji. Da na faɗi ko ni wane ne, fuskarsa ta washe.

"Baba, kai ne mahaifin mai furar nan? Wallahi ban taɓa shan irinta ba, kuma ta ƙi karɓar ko kwabo, wai baƙo ne ni. Shi kuma Atiku, motarmu ta kafe a yashi, raƙuminsa ne ya kwaso mana kaya. Ni ba ni da abin ba su. To al'adata ce, duk garin da muka sauka, wanda ya kyautata mana sai in sa wa taurarin majigin sunansa. Ai karramawa ce."

Na zauna na gaya masa abin da karramawarsa ta haifar. Yaron ya dafe kai. Ya ce zai ɗauki lasifika yanzu ya zagaya gari ya ce ƙarya ne. Na hana shi. In aka sake kiran sunan nan cikin lasifika, ko da wanke ta za a yi, ƙara yaɗa shi aka yi. Na tambaye shi ina suka nufa daga nan. Ya ce Fakku. Baƙin Fakku kuwa gidan Na'iya ake sauke su, kowa ya sani, don uwargidansa ta iya tuwo.

Na ce, "To ka ci abincinsu, ka yi godiya yadda ka saba."

Ni ma na ɗaura wa jakina akumari na bi su.

Uwargidan Na'iya tsohuwa ce mai jikoki. Inna Babba ake ce mata. Na'iya bai taɓa kama sunanta gaban mutane ba tun da aka kawo ta, yaran garin ma ba su san tana da wani suna ba. Ta yi wa baƙi tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Da yamma kuma Atu wanzami, wanda haƙori biyu suka rage masa, ya yi wa tafinta aski, suna hira har yaron ya ji sunan mai tuwon a bakinsa.

Aka kafa zane a ƙofar gari. Na'iya yana sahun gaba, an shimfiɗa masa buzu. Lauwali yana can gefe, ya rame, ya gaishe ni bai iya ɗaga ido ba. Rairayin nan ya sake fitowa, mutanen Fakku ma suka tambayi abin da ake nomawa. Iska ta taso, mace ta ɓace, mai rawani ya sauka da salkarsa.

"Jama'a, ga Atu, jarumin maza! Ya ce mata, sha, Fatsuma, in kin rayu na rayu!"

Samari suka fashe da dariya saboda Atu. Tsofaffi kuwa, da suka san sunan Inna Babba ke nan, suka riƙa satar kallon Na'iya. Da aka ɗora ta bisa raƙumi, sai ga muryar Inna Babba daga cikin mata, tana haki don dariya.

"Atu, ja ragama sannu! Ƙuguna ba shi son girgiza!"

Atu ya miƙe ya cire hula ya rusuna. Filin ya kece da dariya. Da mai tumbi ya fito da kayan aurensa, babu wanda ya furta suna, amma kawuna duk sun juya gefe ɗaya. Na'iya bai motsa ba har aka kashe inji.

Da muka fito daga sallar asuba Na'iya ya tsaya yana gyara takalmi har mutane suka ragu.

"Ɗangiwa, ranan nan da munka sa."

"Ni ban ɗaga ta ba."

Sai ya ce yaron nan mai lasifika ba shi da kunya. Na ce haka ne.

Da na koma Kebbe na gaya wa Zahara'u. Ba ta yi guɗa ba. Ta ce gaban kasuwa aka yi mata dariya, don haka gaban kasuwa take son ganin Lauwali. Ranar kasuwa ya zo da farar riga, ya zauna a rumfarta kusa da Atiku, ta dama masu a ƙwarya ɗaya. Wani mahauci ya ɗaga murya ya tambaye shi ina tumbin. Lauwali ya shafa cikinsa ya ce sai an kawo amarya zai fara tara shi.

An ɗaura aure kafin azumi. Kayan ɗakinta raƙumin Atiku ne ya kai su Fakku, don babu wani a garin. Ita kuwa ta ce da ƙafarta za ta je.